Ɗan yayana zai tafi Afirka ta Kudu renon 'ya'yan zaki, amma ko Yankari bai taɓa takawa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, dan Allah a ɗan sam min fili in amayar da wani abu da ya tsaya min a wuya tun satin da ya wuce, don na tabbata ba gidanmu kaɗai abun ya shiga ba.

Ni malamin makaranta ne a nan cikin garin Bauchi, amma asalin iyayenmu daga wajen Alkaleri suke. Ranar Talata bayan isha'i ɗan yayana ya shigo min gida da waya a hannu yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Yaro ne mai hankali wallahi, ya karanci ilimin dabbobi, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, aiki kuma shiru kamar yadda kowa ya sani. Yace Baffa kalli nan. Na karɓa na duba, bidiyo ne a Instagram, wata Baturiya zaune a kan ciyawa ta rungume ɗan zaki tana ba shi madara da fida kamar jariri, ga wasu biyu suna wasa da igiyar takalminta. Yace wai wani waje ne a Afirka ta Kudu da suke ɗaukar 'yan aikin sa kai daga ko'ina a duniya, ka je ka yi sati 2 ko 3 kana kula da marayun zakuna, a ƙarshe su baka satifiket, kuma shi yana ganin wannan satifiket ɗin ne zai buɗe masa ƙofar aiki da manyan ƙungiyoyi. Nace masha Allah, nawa zasu biya ka? Sai ya ɗan sosa ƙeya yace ai Baffa kai ne zaka biya su, sama da dala 1,000, banda tikitin jirgi banda biza, shi ya sa ma na zo ka sa baki wajen Baba ko zai yarda a sayar da filin nan na bayan gari.

Na yi shiru na ɗan lokaci. Sai nace masa toh kai da zaka tsallaka har can, ka taɓa zuwa Yankari kuwa? Yace an taɓa shirya musu zuwa suna sakandare amma ba a samu mota ba. Shikenan. Mutum an haife shi a Bauchi, ya yi digiri a kan dabbobi, daji mafi suna a duk Najeriya yana bayan gidansu, tafiyar da bata wuce awa 2 ba in ka bi hanyar Gombe ka karya a Dindima ka nufi ƙofar Mainamaji, amma idonsa bai taɓa ganin sawun giwa a ƙasa ba. Ban ga laifinsa sosai ba fa, mu ne bamu kai su ba.

Bari in fara da maganar 'ya'yan zakin, don ita ce ta fi ɗaga min hankali kuma ita ce tarkon da yaranmu zasu fi saurin faɗawa. Edita duk wajen da ka ga ana barin baƙo ya ɗauki ɗan zaki ya yi hoto da shi, ka sa alamar tambaya babba. A Afirka ta Kudu akwai gonaki sama da 300 da ake kiwon zakuna a keji kamar yadda muke kiwon kaji, zakunan da ke tsare a irin waɗannan wurare sun kai kusan 8,000, sun ninka waɗanda ke yawo a dajin ƙasar fiye da sau 2. Yadda harkar take shine, ana raba 'ya'yan da uwarsu tun suna 'yan kwanaki don uwar ta yi saurin sake ɗaukar wani cikin, sai a kawo 'yan sa kai daga Turai da Amurka a ce musu marayu ne uwarsu ta mutu, su biya kuɗi su yi ta reno suna kuka suna tausayi. In ɗan zakin ya ɗan tasa a koma amfani da shi wajen yawo da 'yan buɗe ido, in ya girma ya yi geza sai a sayar da shi ga mai kuɗin da zai zo ya harbe shi a cikin shinge inda ba shi da wajen gudu, ya ɗauki kan ya kai falonsa ya rataye, ƙasusuwan kuma a yi safararsu zuwa ƙasashen Asiya a yi magani. Zakin da ya tashi a hannun mutum yana shan fida ba ya komawa daji, bai iya farauta ba kuma baya tsoron mutane. Ita kanta gwamnatin ƙasar a 2021 ta fito ta ce zata kawo ƙarshen wannan kiwo. Toh ka ga yaronmu zai sayar da filin ubansa ya je ya taya wasu kiwon abin yanka, yana ganin jihadi yake yi. Mu da aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ai bai kamata kuɗinmu ya shiga irin wannan wajen ba.

Da na gaya masa haka jikinsa ya yi sanyi, amma sai yace toh Baffa kenan duk aikin sa kai a waje ƙarya ne? Nace a'a, kar ka min fassarar da ban yi ba. Akwai na gaskiya kuma tafiya mabuɗin ilimi ce, ni da zan samu hali yau da na je Kenya na ga Ol Pejeta da idona, wajen da karkanda namiji na ƙarshe a irin farar karkanda ta arewa ya mutu a watan Maris na 2018, sunansa Sudan, ya bar mata 2 kacal a duk faɗin duniya, 'yarsa Najin da jikarsa Fatu, ana gadinsu dare da rana da bindiga. Abin da nake so ya gane shine aikin gaskiya ba shi da daɗin kallo a bidiyo. Tafiya ce a ƙasa cikin rana kana neman tarkon waya da mafarauta suka ɗana kana kwancewa, ɗaura kyamara a jikin bishiya, ka dawo bayan sati ka zauna gaban kwamfuta kana duba hotuna dubu wanda rabinsu ciyawa ce iska ta kaɗa, gyaran shinge, ƙirga kashi, eh kashin dabba, don da shi ake gane yawansu da abin da suke ci. Kana iya gama wata guda baka taɓa jikin dabba ko ɗaya ba, kuma haka ake so.

Yanzu mu dawo gida. Mutane da yawa basu san cewa zakin da ke Yankari ya fi waɗancan na kejin daraja nesa ba kusa ba. Zakin Afirka ta Yamma iri ne na daban, masana ma sun ce ya fi kusa da zakin Indiya a jini fiye da na kudancin Afirka, kuma binciken da aka fitar a 2014 ya nuna duk yankin nan namu gaba ɗaya basu wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, 'yan kaɗan a Senegal, sai mu nan Najeriya da bamu kai 50 ba, a wuri 2 kawai, Kainji da Yankari. Ƙasar da kowane sarki ake masa kirari da zaki, kowace motar haya an zana zaki a bayanta, ga abin da ya rage mana.

Ni na fara zuwa Yankari ina ɗan firamare, a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, kuma har yau ina tuna yadda wani ƙaton gwaggon biri ya fizge min ledar ƙuli-ƙuli a sansanin Wikki ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallona, 'yan ajinmu suka shekara suna min dariya. Ruwan Wikki kuwa duk wanda ya taɓa shiga ya san abin da nake nufi, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina baya canjawa. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Akwai ɓauna, akwai gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga mugun dawa yana yawo har cikin sansani da jelarsa a miƙe, ga dorina da kada a kogin Gaji. Sai kuma giwaye, da ake ƙiyasin sun kai 100 zuwa 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan. A shekarun baya an yi ta kashe su saboda haure, har sai da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo ta haɗa hannu da gwamnatin jiha a 2014 aka gyara harkar sintiri, aka riƙa biyan ma'aikatan gandun daji alawus ɗin shiga daji aka ba su kayan aiki, daga 2015 aka ɗauki shekaru ba a samu gawar giwar da aka harbe don haure ba. Waɗannan ma'aikatan 'ya'yan talakawa ne irinmu, suna kwana a daji sati guda, wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, amma ban taɓa ganin hoton ɗayansu yana yawo a Instagram ba.

Kuma kar a ce komai lafiya, an yi asara. Kakanmu Allah ya jiƙansa yana ba mu labarin raƙumin dawa a dajin nan, yau babu ko ɗaya na asali, kyarkeci ma babu, haka rabbi. Raƙuman dawan da ake gani a gandun dabbobi na Sumu ta wajen Ganjuwa, da jakunan dawa da sauransu, kyauta ce daga ƙasar Namibiya a 2006, an gode musu, amma ba irin namu bane. Irin namu na asali, mai hasken fata ɗin nan, a duk duniya Nijar kaɗai ya rage. A nan ne na ce wa yaron in dai ƙasar waje kake so, ai Nijar ma ƙasar waje ce. A 1996 raƙuman dawan Nijar 49 suka rage, a yankin Kure kusa da Yamai, kuma ba a cikin wani gandu mai shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin ganyen gawo har da waken manoma. Aka zauna da mutanen ƙauyukan, aka hana kisa, aka sa 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka taimaka musu da rijiyoyi da ɗan jari, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda da Hausarka zaka yi ciniki ka tambayi hanya. Ban ce ya ɗauki jaka ya tafi gobe ba, don a Kuren ne 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a watan Agustan 2020, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, sai an bi a hankali an tambayi halin da hanya take ciki. Amma darasin da ke can ya fi kama da matsalarmu fiye da na gonar wani Bature.

Haka Chadi. Dajin Zakuma yana da giwaye sama da 4,000 a 2002, mahara a kan dawakai suka yi ta karkashe su har suka koma wajen 450 a 2010, giwayen suka firgita har suka daina haihuwa. Da aka canja masu riƙon dajin aka tsaya da gaske, sai ga 'ya'ya sun dawo garke. A Chadin ne kuma aka dawo da mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi, wadda a 2000 aka ce ta ƙare a daji sai a gidajen zu, aka kwaso su daga Abu Dhabi a jirgi a 2016 aka sake su, yanzu suna haihuwa da kansu. Maƙwabtanmu ne fa waɗannan, ƙasarsu ta fi tamu fari, aljihunsu bai kai namu ba. Ita kuwa baƙar karkanda ta yankinmu, wadda ta ƙarshe a arewacin Kamaru aka ganta, ba ta samu mai ceto ba, a 2011 aka rufe littafinta.

Akwai wani ɓangare da 'yan birni masu son dabbobi a waya basa son ji, kuma dole in faɗa don 'yan'uwana ne abin ke shafa. Giwa kyakkyawa ce a hoto, amma in garke ya shiga gonarka cikin dare ana saura sati 2 girbi, masarar da ka ci bashin taki ka noma, kafin asuba sai dai ka tarar da fili kamar an yi wasan ƙwallo. Wani ɗan'uwan mahaifiyarmu haka ya zauna a bakin gonarsa ya haɗa kai da gwiwa, dattijo da jikoki, ba wanda ya biya shi ko sisi. Ka je ka ce wa wannan mutumin giwa dukiyar ƙasa ce ka ji amsar da zai baka. 'Yan'uwanmu na Gombe ma suna fama da irin wannan da dorinar Dadin Kowa, manoman shinkafa da masunta sun san zancen. Toh a nan ne ake buƙatar yaro mai ilimi wanda ya iya yaren mutane, wanda zai zauna a kan tabarma da mai unguwa a sha fura a yi magana. A Kenya sun gano giwa tana tsoron ƙudan zuma, sai suka riƙa kewaye gona da amya a rataye a jikin waya, giwa na taɓa wayar amya ta girgiza ƙudan ya tashi ta juya, manomi ya tsira da amfaninsa ga kuma zuma ya sayar. A Yankari ma an sa wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura da ke nuna inda suke, kuma akwai mutanen ƙauyuka da aka ɗauka suna sa ido suna buga waya in garke ya doso gonaki. In ɗan yayana zai je Kenya ya koyo irin wannan ya dawo ƙauyukan gefen Yankari irin su Duguri ko Pali ya yi, wallahi ni zan fara ba da gudunmawata kafin ubansa.

Wani abin kuma ba sai an je daji ba. Edita kai ma shaida ne, da can in ka je kwata a garin nan ungulu har sai ka kore su da ƙafa, rufin mahauta baƙi ƙirin. Yaushe rabonka da ganin ungulu? 'Yata ta aji 3 a firamare ta san karin maganar ungulu ba ki jewar banza amma bata taɓa ganin tsuntsuwar ba, a littafi na nuna mata. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma mu muka cinye su, ana sa musu guba a mushe a kwashe kawunan a kai kasuwa wajen masu tsibbu. Gauraka ma da ake cewa ita ce tsuntsuwar ƙasa sai dai a gidan masu kuɗi an yanke mata fiffike. Ɗan kunya kuwa, ɗan dabbar nan mai ɓawo da ke naɗewa in ya ji tsoro, ƙasarmu ta zama babbar tashar safarar ɓawonsa zuwa Asiya, har a Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona wajen tan 4 na wanda aka kama a Abuja. Ka lissafa dabba nawa aka kashe kafin a tara tan 4 na ɓawo.

Don haka ga abin da na ce masa, kuma shi nake ce wa duk saurayi ko budurwar da irin wannan talla ta faɗo wa a waya. Kafin ka tura ko dala 1 ka tambaye su, ana taɓa dabbobin ko ana hoto da su, in sun ce eh ka rufe shafin. Ka tambaye su suna kiwo ne, 'ya'yan ina suke zuwa in sun girma, guda nawa suka taɓa saki a daji kuma a wane daji, kuɗin da zan biya nawa ne ke shiga aikin nawa ne ke tsayawa a hannun dillali, 'yan ƙasar nawa ke aiki a wajen. Mai gaskiya zai amsa maka ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ka kula da 'yan damfara da zasu ce ka turo kuɗin biza ta wani asusu, wannan kuma wani babi ne. In kuma takarda kake nema mai nauyi, akwai kwalejin kula da namun daji a New Bussa ta jihar Neja, akwai makarantar Garwa a Kamaru nan kusa da ta horar da ma'aikatan daji na ƙasashe da yawa, akwai kwalejin namun daji ta Mweka a Tanzaniya a gindin dutsen Kilimanjaro, ga kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos da ke ba da digiri na biyu, kuma su ne ke jagorantar aikin ƙidayar tsuntsayen Najeriya wanda 'yan sa kai ke yi da wayar hannu, ka fita bayan garinku ka rubuta tsuntsun da ka gani ka tura, ba ko kwabo. Duk wata ƙungiyar waje ta kirki da zaka nemi gurbi ko tallafin karatu a wajenta, tambayar farko da zasu maka ita ce me ka taɓa yi a ƙasarku.

Roƙona gare ka Edita, dan Allah ku tura wakilinku ƙauyukan da ke kewaye da Yankari lokacin kaka ya ji ta bakin manoma, ya kuma zauna da ma'aikatan sintiri ya ji yadda suke kwana, a buga mana da Hausa. Su kuma shugabannin makarantun Bauchi da Gombe a daure a nemo motar nan a kai yara.

Ni da ɗan yayana dai mun yi yarjejeniya, maganar fili an ajiye ta tukunna, ubansa ma da ya ji labarin kejin cewa ya yi ko a kyauta bazai je ba. In Allah ya kai mu watan Maris lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Gaji zamu tafi mu kwana 2, ni zan kawo mota shi zai zuba mai, kuma na ce masa ya taho da takardunsa ya nemi ganin masu kula da wajen ya tambaya ko akwai abin da zai iya taya su ko da shigar da bayanai a kwamfuta ne. Ya tambaye ni wai Baffa zamu ga zaki kuwa, nace ni kaina duk zuwan da na yi sau ɗaya na taɓa jin gurnaninsa da asuba daga nesa, ban gan shi ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Jahun, Bauchi.